Tsakanin bishop da manzo, wa ke gaba?

Ladi: Salama gare ku 'yan'uwa. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini dariya. An ba ni aikin tsara takardar wani taron addu'a na haɗin gwiwar coci-coci. Cikin manyan baƙin akwai Rabaran Fada, akwai Akdikin na Angalikan, akwai Bishop na wata cocin Fentikostal, sai wani da ya aiko da saƙo cewa shi Manzo ne, kada a kuskura a rubuta masa Fasto. Sunan wa zan fara sawa? Wa ya fi wa girma a cikinsu?

Bitrus: Wannan ai ba abin wahala ba ne, 'yar'uwa. Buɗe 1 Korantiyawa 12:28. Da farko manzanni, na biyu annabawa, na uku masu koyarwa. Manzo ne a sama. Bishop ma ba ya cikin jerin.

Mama Rifkatu: Bitrus ɗana, wa ya naɗa shi manzon?

Bitrus: Allah ne ke kira, Mama, ba mutum ba.

Mama Rifkatu: Na ji. To ban da shi kansa, wa Allah ya gaya wa?

Baba Istifanus: Ladi 'yata, kafin a kai ga jerin sunaye, bari in faɗi abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A Sabon Alkawari bishop da dattijo mutum ɗaya ne. Ki duba Ayyukan Manzanni sura 20. A aya ta 17 Bulus yana Militus, ya aika a kira masa dattawan ikilisiyar Afisa. Da suka zo, a aya ta 28 ya ce musu Ruhu Mai Tsarki ya sa su masu kula da garken, su yi kiwonsa. To "mai kula" ɗin nan shi ne ya zama bishop a bakin mutane, kiwon kuwa shi ne aikin fasto. Mutanen ba su canza ba, a zama ɗaya aka kira su da suna uku. Haka a Titus sura 1: aya ta 5 ya ce a naɗa dattawa a kowane gari, aya ta 7 yana cikin bayanin halinsu sai ya kira su masu kula. Wasiƙar Filibiyawa ma da ya buɗe ta, a cikin shugabanni masu kula da masu hidima, wato dikinoni, kawai ya ambata, kuma masu kula ɗin suna da yawa a gari ɗaya.

Shi ya sa mu a ɗarikarmu muƙami biyu muka sani, dattijo da dikin. Fasto ma dattijo ne, sai dai shi ya keɓe kansa ga wa'azi da koyarwa, kamar yadda 1 Timoti 5:17 ta nuna. Kuma ki karanta sura ta 3 ki ga abin da aka nema a wurin mai kula: marar abin zargi, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai son kuɗi ba, ba sabon tuba ba, mai riƙe gidansa da kyau. Kusan duka hali ne. Gwaninta ɗaya tak aka ambata, ya iya koyarwa.

Katikis Antoni: Baba, ranku ya daɗe, ban musa ayoyin ba. Amma shi Titus ɗin da aka ce ya naɗa dattawa a kowane gari na tsibirin Karita, mene ne shi? Mutum ɗaya ne da aka ɗora a kan dattawa masu yawa. Timoti ma a Afisa an gaya masa yadda zai karɓi ƙara a kan dattijo, da shaidu biyu ko uku. Wanda ake kai wa ƙarar dattijo ai ya fi dattijo. Wannan shi ne aikin bishop ko da ba a riga an tsayar da sunan ba.

Kuma ba a daɗe ba aka tsayar. Ignatiyus, bishop na Antakiya, wanda aka kai Roma aka kashe a farkon ƙarni na biyu, ya rubuta wasiƙu bakwai a hanya. A cikinsu tsarin a fili yake: bishop ɗaya, dattawa kewaye da shi, sai dikinoni. Yana ta nanatawa kada a yi komai a ikilisiya ba tare da bishop ba. Wannan mutumin ya rayu lokacin da waɗanda suka ga manzanni da idonsu ba su ƙare ba.

Malam Yohanna: Ku bar ni in shiga tsakani, ni ɗan Angalikan, don mu dama a tsakiya muke zama. Dukanku kuna da shaida a tarihi. Antoni ya faɗi gaskiya a kan Ignatiyus. Amma wasiƙar da Ignatiyus ɗin ya aika wa ikilisiyar Roma ba ta ambaci bishop na Roma ba ko sau ɗaya, abin da ya sa masana da yawa ke ganin tsarin bishop ɗaya bai kafu ko'ina a lokaci guda ba. Sannan ga Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, waliyyi ne a wurin Katolika, ya rasu a 420. A sharhinsa na wasiƙar Titus ya ce da farko dattijo da bishop abu ɗaya ne, majalisar dattawa ce ke riƙe ikilisiya, sai da rarrabuwa ta shigo aka zaɓi ɗaya aka ɗora a kan saura. Ya ce fifikon bishop ya fi dogara ga al'adar ikilisiya a kan umarnin Ubangiji kai tsaye. Amma bai ce a soke muƙamin ba.

Zuwa taron Nikiya a 325 an wuce wannan gardama. Abin da ake tattaunawa a lokacin shi ne wa zai naɗa bishop, aka ce aƙalla bishop uku su ɗora masa hannu, da kuma iyakar ikon manyan kujeru irin su Iskandariya da Roma da Antakiya.

Nasiru: Ni Musulmi ne, ina bin muhawarar da sha'awa. Ku yi haƙuri da tambayar ɗan koyo. Na ɗauka Paparoma shi ne shugaban Kiristocin duniya duka, kadinal-kadinal na biye masa, sai bishop, sai fasto a ƙasa. Ashe ba haka ba ne?

Katikis Antoni: Sannu da zuwa Malam Nasiru. Paparoma shugaban 'yan Katolika ne, su ne kusan rabin Kiristocin duniya, amma Baba Istifanus da Bitrus ba sa ƙarƙashinsa. Sannan ko a cikin Katolika tsanin ba haka yake ba. Matakan naɗi uku ne kacal: dikin, firist wanda muke kira Fada, da bishop. Babu na huɗu. Duk sauran sunayen da kake ji, ko dai suna nuna faɗin wurin da mutum ke kula da shi, ko wani aiki na musamman, ko karramawa ce kawai.

Akbishop bishop ne mai riƙe da babbar dayosis, wato yankin coci-cocin da ke ƙarƙashin bishop. Monsinyo Fada ne da aka karrama, bai sami ikon yin wani abu da sauran Fada ba sa yi ba. Kadinal kuma babban aikinsa ba Paparoma shawara da zaɓen sabo idan kujera ta zama babu kowa. A 1059 aka fara danƙa musu zaɓen, a 1179 aka sa sharaɗin sai mutum ya sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, a 1970 Paparoma Paul na shida ya ce wanda ya kai shekara 80 ba ya jefa ƙuri'a. A watan Mayun 2025 su 133 ne suka shiga suka zaɓi Leo na goma sha huɗu, ɗan Amurka na farko a kujerar. Shi kansa Paparoma bishop ne, bishop na Roma. Da za a zaɓi wanda ba bishop ba, sai an naɗa shi bishop nan take kafin ya kama aiki.

Malam Yohanna: In ƙara wa Malam Nasiru, akwai wani Fafa ma a Masar, sunan nan da ake kiran Paparoma da shi. Shugaban cocin Kibɗawa tun ƙarni na uku ake kiransa da wannan suna. Na yanzu, Tawadros na biyu, a 2012 aka zaɓe shi, kuma yadda aka yi abin kallo ne. An tace sunaye har suka rage uku, aka rubuta a takardu aka sa a wani mazubi na gilashi a kan bagade a babbar cocinsu ta Alƙahira, aka ɗaure wa wani yaro ido ya sa hannu ya ɗauko ɗaya. Suna koyi ne da ƙuri'ar da aka jefa wa Matiyas a Ayyukan Manzanni 1:26. Cocin Otodoks kuma suna da fatriyak-fatriyak, kowa da ƙasarsa. Na Istanbul, Bartalomi, yana kan kujera tun 1991, ana ba shi girman na farko, amma ba shi da ikon ba na Mosko umarni.

Nasiru: Allah ya saka da alheri. Wannan na yaron ban taɓa ji ba.

Baba Istifanus: Duk na ji. Amma Matiyu 23:9 tana nan daram, kada ku kira kowa uba a duniya, Ubanku ɗaya ne, na Sama. Fada, Fafa, fatriyak, duk uba ake nufi.

Katikis Antoni: Baba, tun da aka buɗe zauren nan me muke kiranku?

Mama Rifkatu: Hahaha! Antoni ka ji tsoron Allah.

Katikis Antoni: Da gaske nake, Mama. Aya ta 8 ma ta hana a kira mutum malam, ga Malam Yohanna nan yana amsawa. Bulus kuma ya ce wa Korantiyawa shi ne ubansu cikin Almasihu ta wurin bishara, 1 Korantiyawa 4:15.

Baba Istifanus: Nawa na furfura ne, ba na bagade ba. Amma ka kama ni ta wani gefe, na yarda Yesu ba haruffan kalmar yake yaƙa ba. Ka karanta daga aya ta 5, yana maganar masu son mazaunin gaba a wurin biki, da kujerun girma a majami'a, da a gaishe su a kasuwa. To ka ga wannan ciwon bai tsaya a Roma ba. Na san rabaran-rabaran namu da ba za su buɗe wasiƙa ba idan an manta da "Dakta" a bayan ambulan.

Bitrus: An bar maganata a baya. Afisawa 4:11 ta ce ya ba da waɗansu su zama manzanni, waɗansu annabawa, masu bishara, makiyaya da masu koyarwa, har sai mun kai ga cikar bangaskiya. Mun kai? Ba mu kai ba. To me ya sa kuka yarda da fasto da mai bishara kuka jefar da biyun farko? Kuma manzanni ba goma sha biyun kaɗai ba ne. An kira Barnaba manzo a Ayyukan Manzanni 14:14. Mutumin da ya shiga inda babu ikilisiya ya kafa, ya horar da shugabanni, ya wuce gaba, aikin manzo yake yi.

Malam Yohanna: Ɗan'uwa Bitrus, hujjarka ta Barnaba mai ƙarfi ce, ban raina ta ba. Amma ka koma sura ta 13. Ruhu Mai Tsarki bai raɗa wa Barnaba a ɗaki shi kaɗai ba. Ga shugabannin ikilisiyar Antakiya ya yi magana suna cikin sujada da azumi, su ne suka ɗora wa Barnaba da Shawulu, wato Bulus, hannu suka sallame su. Da suka gama zagayen, 14:27, suka dawo suka tara ikilisiyar suka ba da rahoto. Akwai wanda ya aike su, akwai wanda suka koma wa. A Wahayin Yahaya 2:2 kuma an yaba wa ikilisiyar Afisa don ta gwada masu kiran kansu manzanni ta same su maƙaryata. Tambayar Mama Rifkatu ke nan tun farko.

Ni abin da nake duba a kan kowane muƙami abu uku ne: wa ya ɗora maka hannu, su wa kake kula da su, wa zai iya kiranka ya ce ka yi kuskure ka sauka. Bishop na Katolika dole ya miƙa takardar ajiye aiki idan ya kai 75. Shugaban babban taron cocin Sikotland shekara ɗaya yake yi ya koma inda ya fito. Faston Baftis ikilisiya ce ke kiransa da ƙuri'a, ita ce kuma ke sallamarsa. John Calvin da ya tsara cocin Janiba a 1541 ya raba aikin huɗu, fasto da malami da dattijo da dikin, ya sa dattawa su zauna tare da fastoci a majalisar horo.

Mama Rifkatu: Bari in ba ku abin da na gani da idona. Akwai wani bawan Allah da na sani tun yana Ɗan'uwa wane. Allon cocinsa ya fara da Fasto. Aka goge aka sa Rabaran. Aka sake fenti aka sa Bishop, har in ka matsa kusa kana hango tsofaffin haruffan a ƙarƙashi. Yanzu Manzo ne, an kuma ƙara Dakta a gaba. Cocin ɗaya ce, ba ta haifi ko reshe ɗaya ba. Ma'ajin kuɗi matarsa, sakatare ƙaninsa. Ranar da wani dikin ya nemi a karanta rahoton baiko, a wa'azin Lahadi aka amsa masa da "kada ku taɓa shafaffena".

A gefe guda na zauna a ƙarƙashin wani mai bishara da ba a taɓa naɗa shi ba. Shi ke wa'azi, shi ke koya wa masu shirin baftisma, shi ke kwana a asibiti da marasa lafiya, shi ke tsayawa a bakin kabari. Amma ranar jibin Ubangiji sai ya shirya tebur, ya jera ƙoƙuna, ya lulluɓe da farin ƙyalle, ya koma benci ya zauna, a jira Rabaran ya zo daga wata ikilisiya. In Rabaran bai samu zuwa ba, a ɗage. Wannan ma yana ci mini rai, Baba, kuma a irin cocinmu ne.

Baba Istifanus: Ba ki yi ƙarya ba, Rifkatu. Muna wa'azin 1 Bitrus 2:9 cewa dukan masu bi firistoci ne, abin da Martin Luther ya tsaya a kai tun 1520, amma a aikace mun gina namu tsanin.

Bitrus: To tun da an zo maganar wa zai tsawata wa wa, kada a yi kamar masu dogon tsari sun tsira. Bishop nawa ne a Turai da Amurka suka riƙa ɗauke firist mai lalata da yara daga wannan coci zuwa waccan maimakon a kai shi gaban hukuma? A watan Nuwamban 2024 Akbishop na Kantabari, babban bishop na cocin Ingila, Justin Welby, ya sanar da murabus bayan rahoton da ya nuna cocin ba ta yi abin da ya kamata ba a kan wani mai cin zarafin samari. Duk da majalisu da dokoki.

Katikis Antoni: Wannan ba zan kare shi ba. Abin kunya ne, kuma tsarin da ya kamata ya kare yara shi aka yi amfani da shi aka kare suna.

Malam Yohanna: Gaskiya ne Bitrus. Abin da kawai zan ce, an sami wanda zai rubuta rahoton, an sami kujerar da za a sauka daga kanta. A cocin da Mama ta kwatanta wa zai rubuta?

Bitrus: Ba duka muke haka ba. Manyan cocin Fentikostal da yawa suna da majalisa da zaɓe da wa'adi.

Malam Yohanna: Na sani, shi ya sa ban ce ɗarika ba, na ce mutum. Son suna ma ba yau ya fara ba. John Wesley firist ne na cocin Ingila har ya mutu, bai taɓa zama bishop ba. A 1784, da ya ga mabiyansa a Amurka ba su da mai ba su jibi, ya ɗora wa Thomas Coke hannu ya aike shi a matsayin mai duba aiki, da hujjar nan ta Baba cewa dattijo da bishop ɗaya ne. Ƙaninsa Charles ya ji haushi ƙwarai. Ba a jima ba Coke da Francis Asbury suka fara amsa sunan bishop. A 1788 Wesley ya rubuta wa Asbury wasiƙa mai zafi yana tambayarsa yaya aka yi ya yarda a kira shi haka. Har yau Metodis na Amurka suna da bishop, na Birtaniya ba su da shi.

Ladi: Na ƙaru sosai, amma gobe zan kai takardar wurin bugawa.

Malam Yohanna: Yi haƙuri ƙanwata, mun bar ki a tsaye. Babu ma'auni ɗaya da zai auna su huɗun, don kowane muƙami a cikin cocinsa yake da nauyi. Fada da Akdikin duka firistoci ne, sai dai Akdikin yana duba coci-coci da yawa a madadin bishop ɗinsa. Ki rubuta wa kowa sunan da cocinsa ke kiransa da shi, har Manzon, ba a takardar taro za ki yi masa shari'a ba. Ki jera su bisa aikin da za su yi a taron, mai buɗewa da addu'a, mai karatu, mai wa'azi, mai sa albarka. Idan dole sai an yi jerin baƙi, ki bi haruffan sunayen coci-cocin, ki rubuta a ƙasa cewa haka aka bi.

Ladi: Na gode Malam. Haka zan yi.

Hannatu: Ni dikin ɗin nan ne ya ɗaure mini kai. A wurinmu shi ke karɓar baiko da gyara kujeru, amma na ga na Katolika da riga yana wa'azi.

Katikis Antoni: Namu naɗaɗɗe ne, 'yar'uwa. Yana karanta Bishara a Mas, yana wa'azi, yana baftisma, yana ɗaura aure, yana jana'iza. Ba ya keɓe gurasa da ruwan inabi, ba ya sauraron furta zunubi. Ɗaruruwan shekaru muƙamin ya zama mashigi kawai zuwa zama Fada, sai bayan babban taron Batikan na biyu, a 1967, aka dawo da dikin na dindindin, har mai aure zai iya zama idan ya kai 35.

Baba Istifanus: Kuma kada a raina masu kujeru da baiko. Mutum bakwai na Ayyukan Manzanni 6 rabon abinci ga gwauraye aka zaɓe su yi, saboda gunaguni ya tashi cewa ana nuna bambanci. Cikinsu Istifanus ya fito, shahidi na farko, da Filibus wanda ya yi wa Bahabashen nan baftisma.

Mama Rifkatu: Tun da an zo nan, Fibi fa? Romawa 16:1, mai hidimar ikilisiyar Kankiriya. Kalmar da aka kira ta da ita ai ita ce ta dikin.

Malam Yohanna: Ita ce, Mama. Taron Kalsidon na 451 ma ya yi doka kada a naɗa mace dikin sai ta kai 40, wato akwai su ke nan. Inda aka rabu shi ne firist da bishop. A wurin Angalikan, an naɗa Florence Li Tim-Oi firist a 1944 a dayosis ɗin Hong Kong lokacin yaƙi. Barbara Harris ta zama bishop a Amurka a 1989. Cocin Ingila ta fara naɗa mata firistoci a 1994, bishop mace ta farko a 2015, a watan Oktoban 2025 kuma aka sanar da Sarah Mullally a kujerar Kantabari. Larduna da dama na Angalikan ba su yarda ba har yanzu. A 1994 ɗin dai Paparoma John Paul na biyu ya rubuta cewa cocin Katolika ba ta da ikon naɗa mata firistoci. Otodoks ma ba sa yi.

Baba Istifanus: 1 Timoti 2:12 tana nan, ba ni na rubuta ba. Amma wannan magana ce mai tsawo, a ba ta nata zaren.

Mama Rifkatu: A ba ta. Sai dai ku zo da Ayyukan Manzanni 18:26 a hannu, Baba, ku gaya mana wa ya zaunar da Afolos ya gyara masa koyarwa.

Baba Istifanus: Bilkisu da mijinta Akila. Tare, kuma a keɓe, ba a kan mimbari ba.

Hannatu: Na buɗe sabon zaren. Masu son ci gaba a koma can, a bar wannan ga masu tambaya kan muƙamai.